Ƙasa Uku, Dama Ɗaya, Tsakiya Biyu

Bari in fara da faɗin laifina, tunda in ban faɗa ba Mardiyya za ta faɗa, kuma matata ba ta rage wa labari komai. Ni mutum ne mai satar batir a cikin gidansa. Ba sayarwa nake yi ba, ba kuma fita da shi nake yi ba. In tocila ta mutu sai in zare na agogon bango in sa mata, da niyyar gobe zan sayo sabo. In rediyo ta fara shaƙewa sai in zare na tocilar. Agogon falonmu ya taɓa yin wata biyu a kan ƙarfe huɗu saura kwata, har wani baƙo ya shigo da hantsi ya dube shi ya fara neman buta. Wannan aibin nawa ne, na amsa. Amma in ka cire shi, ni mutum ne mai tsari. Shekara ashirin da shida ke nan ina jera fayil a wani ofishi a Baure, kullum in bi mota daga Daura da safe in dawo wajen la'asar, kuma ba a taɓa neman takarda a hannuna an rasa ba.

Tsarin nan ne na kwaso na kawo gida. Shekara tara da suka wuce na sayi wata tsohuwar kwamfuta 'yar Kwatano, na jona ta da talabijin ɗin falo, na sa mata wata manhaja ta kyauta. Aikin manhajar shi ne ta jera maka duk bidiyon da ka mallaka a allo, ka zaɓi wanda kake so kana kishingiɗe. A gidan akwatin Malam ake ce mata. Duk kaset ɗin bukukuwan danginmu na kai Kano aka juye min, na zuba a ciki. Akwai tafsirin azumi na shekara goma sha ɗaya. Akwai fina-finan Hausa, da na Indiya masu fassara saboda Mardiyya, da dambe saboda ni. Kowane bidiyo da lambarsa, kowace lamba da gurbinta, kuma abin da na ajiye a wuri nan zai mutu.

Ba zan ɓoye ba, akwatin yana da halinsa. In ka kunna shi sai ka yi alwala ka dawo kafin ya farka. Fankar cikinsa tana kuka kamar injin markaɗe daga nesa. Manhajar kuma na hana ta sabunta kanta tun shekarar da ta yi hakan sau ɗaya ta ɗauke min jerin tafsiri daga hagu ta kai shi dama ba ta yi shawara da ni ba. Tun ranar na toshe mata hanyar fita duniya. Tana cikin gida, kamar sauran iyalina, in tana da magana ta faɗa min.

Dalilin wannan tauri nawa yana zaune a kan darduma a kusurwar falo. Mahaifiyata ce, Inna Shatu, wadda ta dawo wurina bayan rasuwar mahaifinmu, Alhaji Jibril dillalin shanu. Ni ne ɗan fari, don haka sunan nan nawa Isyaku bai taɓa fita daga bakinta ba. Wancan take ce min. In na yi abin kirki ta ce mai akwati.

A duk abin da ke cikin akwatin, abu ɗaya Inna take kallo. Kaset ne na ɗaurin auren ƙanwata Kubura, wadda yanzu take aure a Damagaram. Alhaji ya fito a ciki na minti bakwai, kuma ba wa'azi yake yi ba, ba addu'a ba. Yana tsaye a ƙofar gida da babbar riga ruwan toka yana faɗa a kan tabarmi, wai wane mai hankalin ne ya shimfiɗa su a rana. Sai ya juya ya tambayi wanda ya ɗaure rago a jikin famfo. Can ya hangi mai kyamara ya ce, kai kuma me kake haska ni da shi. Daga nan, ba wanda ya san dalili har yau, sai ya yi dariya. Kullum bayan la'asar Inna tana kallon wannan, kuma kullum in ya zo maganar tabarmi sai ta ba shi amsa.

"Ai kai ka ce a shimfiɗa su nan."

Inna ba ta karanta boko, idonta ma ya yi rauni. Don haka na saya mata rimot nata na kanta, na ɗiga ƙaro a kan maɓallin tsakiya don yatsanta ya gane shi, na koya mata hanya da ƙirge. Ƙasa uku, dama ɗaya, tsakiya biyu. Da baki take ƙirgawa, da ƙarfi, kamar mai auna hatsi a gaban mai saye. Har batirin ciki na yi wa alama da ɗigon jan fenti, na tara gidan na ce duk wanda ya taɓa su ni da shi ne. Rimot ɗin yana kwana a jakar carbinta. Daga baya Mardiyya ta naɗe shi da leda ta bi shi da salatif, wai saboda maiƙon hannu. Na yaba mata, don wannan ce gudummawarta ta farko ga ilmin na'ura. Na taɓa sa mata manhajar sarrafa akwatin a wayarta, ta duba ta ce ita ba ta da lokacin wasan yara.

Sau ɗaya tak tsarin ya ba ni kunya a bana. Allah ya rufa asiri gidan ba kowa ranar sai ni da Inna, Mardiyya ta tafi biki Katsina. Inna ta ƙirga, allo bai motsa ba. Ta sake, shiru. Ta ce ko batir ne. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa wannan ba irin matsalar batir ba ce, matsala ce ta can ciki. Na kunna mata da kibod ɗina, sannan na yini ina tonon cikin manhajar, na goge wannan na mayar da wancan. Washegari rimot ya dawo aiki sumul. Na ba Mardiyya labarin gyaran tun daga farko har ƙarshe tana warware tsarabar biki. Ta ce sannu da ƙoƙari.

To a haka muke sai ga Munzali.

Munzali autanmu ne, yana da shagon kayan wuta a Kongolam, sola da talabijin da fankoki, mutanen ƙetare na saye, na nan na saye. Ya zo wata Asabar da hantsi da kwali a hammata. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta shafa kansa kamar ba mai 'ya'ya huɗu ba, sannan ya buɗe kwalin ya fito da wani baƙin abu wanda bai kai sabulun wanki girma ba.

"Yaya, na kawo wa tsohon nan naka takardar ritaya."

"Wane tsoho?"

Ya nuna akwatin da haɓa. A daidai lokacin fankar ta ja wani dogon numfashi, kamar ta ji.

Ya zauna ya jero min. Sabuwar manhaja ce, kowa ita yake sawa yanzu. Tana tashi kafin ka ajiye rimot. Ita da kanta take nemo hoton kowane fim ta manna masa. Tana tuna inda ka tsaya. Kuma babban abin, duk wanda ka ba izini zai iya kallon abin da ke rumbunka daga wayarsa ko yana ina. 'Yata Raihana da ke karatu a Zariya za ta kalla. Kubura a Damagaram za ta ga Alhaji duk ranar da ta so.

"Manhajar nan taka, Yaya, waɗanda suka rubuta ta ma sun wuce wurin. In ka tambaye su wannan tsohon zubin za su ce ba su san shi ba."

"Ni na san shi."

"Ranar da ya mutu fa?"

"Ranar da ya mutu ka zo jana'iza. Yau dai ziyara ka zo."

"Anti Mardiyya, ki sa baki mana."

Mardiyya tana bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa. Ta ce ita tsakanin wa da ƙani ba ta shiga, amma in an gama a gaya mata wanda za ta zuba wa nama biyu.

Ashe Munzali bai zo shi kaɗai ba, ya zo da dangi a aljihu. Tun kwana uku ya kai maganar zauren danginmu na waya, wanda ni na kashe wa ƙara tun bara. Ya miƙo min in gani. Kubura ta turo saƙon murya tana cewa Yaya ya ji tsoron Allah, uban nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Raihana, wadda na biya wa kuɗin karatun kwamfutar da take yi min gori da shi, ta rubuta cewa Baba da akwatinsa sai dai a yi musu addu'a tare. Wani ɗan kawunmu da ko talabijin ba shi da ita ya ce shi ma yana goyon bayan canji. Na ƙirga, mutum goma sha ɗaya suna gefe guda. A ɗaya gefen akwai ni, sai fanka.

Na shiga ɗaki na ɗaura na'urar awon jini a wuyan hannu. Ya hau, amma bai kai yadda zan janye ba. Na fito.

"Jona abinka," na ce. "Amma ba za ka taɓa akwatina ba. Kwafi za ka ɗauka."

Ya kwafi abin da zai kwafa, ya jona a ɗaya ramin talabijin. Gaskiya ɗaya zan faɗa a nan, kuma ban faɗe ta a falon ba: abin ya yi kyau. Hotuna suka jeru kamar kanti. Ka taɓa, ya buɗe. Ba kuka, ba jira. Damben da na sha wahalar jerawa shekara da shekaru ya fito fes, har na ga fuskar wani ɗan damben da tun tuni nake zaton gemu gare shi, ashe dishi-dishin akwatina ne. Wani abu a ƙirjina ya ce, Isyaku, shekararka hamsin da uku, ka huta mana. Na ce masa ya yi min shiru.

"Ƙara bidiyo ɗaya a ciki," na ce wa Munzali.

Ya tura wani na sunan ɗansa. Nan take sabon ya zo ya zauna a gaba, duk sauran suka matsa gefe ɗaya.

"Ka gani? Yau Alhaji yana gida na uku, gobe yana na huɗu. Wannan ba rumbu ba ne, tasha ce. Wa zai gaya wa Inna mijinta ya canja layi?" na ce.

"Ana iya kafe shi wuri ɗaya, Yaya."

"Har zuwa ranar da wani yaro a wata ƙasa zai tashi da safe ya ga allon bai yi masa kyau ba."

Munzali ya yi murmushi irin na mai shago da ya ajiye kaya mafi kyau a ƙarƙashin kanta. Ya ɗaga sabon rimot ɗin ya ce ai Inna ma ba ta bukatar ƙirge. Akwai maɓalli guda, ka danna ka yi magana, abin ya nemo maka. Ya riga ya sa wa bidiyon sunan Alhaji. Ya je ya durƙusa gabanta ya kai rimot ɗin kusa da bakinta.

"Inna, ki faɗi sunan Baba kawai. Zai fito."

Inna ta dubi rimot ɗin, ta dube shi.

"In faɗi me?"

"Sunansa. Alhaji Jib..."

"Auta, na san sunan. Shekara arba'in da shida ina gidansa bai taɓa jin shi a bakina ba. Sai yau, a gaban 'ya'yansa, saboda sabulu?"

Munzali ya sosa ƙeya. Ya ce to a canja, a sa Maigida, ko Malam, duk abin da ta saba. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaga murya ta kira shi daga wani ɗaki ba, in tana son ganinsa tashi take ta je. Ta ja mayafinta ta koma kan carbi.

Na dai gyara zama yadda kowa zai ga ban ce komai ba.

Amma Munzali ɗan Alhaji ne, ba ya barin ciniki a tayin farko. Muna cin abinci yana latse-latse. Kafin a kira la'asar ya kashe duk abin da ke motsi a allon, ya jera gidajen yadda nawa suke, ya kafe bidiyon a daidai inda ƙirgen Inna zai kai ta. Har ƙaro ya nema a wurina ya ɗiga a maɓallin tsakiya. Ya gwada a gabana, ƙasa uku, dama ɗaya, tsakiya biyu, sai ga Alhaji da tabarminsa, tas, har ana ganin aikin wuyan rigarsa.

"Yanzu fa, Yaya?"

"Yanzu sai mai abin ta gwada. In ta kai kanta da hannunta, ka ɗauki akwatina ka kai Kongolam ka sa shi matokarin ƙofa. In ta kasa, ka mayar da sabulunka kwali, kuma ka shiga zauren nan ka gaya musu da bakinka."

Muka dawo daga masallaci. Inna ta idar, ta juyo da dardumarta wajen talabijin kamar kullum. Munzali ya sa mata sabon rimot a hannu ya ɗora yatsanta a kan ƙaron. Mardiyya ta fito ta jingina da ƙofar kicin, waya a hannu.

Inna ta fara. "Ɗaya. Biyu. Uku." A allo abin ya gangara gida biyar. Ta ce dama, ya tsallake biyu. Ta danna tsakiya, sai ga ƙarti biyu tsirara daga ƙugu zuwa sama suna zagaya juna, makaɗi yana zuga su. Ta yi a'uziyya ta kawar da kai. Munzali ya mayar da ita farko ya ce ta danna a hankali. Ta sake. Wannan karon wata 'yar Indiya ce ta fito tana gudu a cikin ruwan sama. Na uku ba ta ma ƙarasa ƙirgen ba. Ta ajiye rimot ɗin a kan darduma ta tura shi da bayan hannu, ta zauna tana kallon yatsunta.

Wannan kallon bai yi min daɗi ba, ko da yake ni yake taimaka wa. Na tashi na mayar da talabijin kan akwatina. Muka jira shi ya gama tari. Inna ta zaro nata daga jakar carbi, da ledarsa da salatif ɗinsa da duk wani datti na wata da watanni.

"Ke kuma ki ajiye wayar nan ki ga abin tarihi," na ce wa Mardiyya.

"Ina gani, Malam," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ɗaya," in ji Inna. Abin ya sauka gida ɗaya. "Biyu. Uku. Dama. Tsakiya. Tsakiya."

Alhaji ya fito cikin dishi-dishinsa, yana tambayar wane mai hankalin ne ya shimfiɗa tabarmi a rana.

"Ai kai ka ce a shimfiɗa su nan," in ji Inna, muryarta ta dawo daidai.

Na bari minti bakwai ɗin suka cika, don ba a katse Alhaji. Da ya yi dariyarsa ya ɓace, sai na miƙe tsaye a tsakiyar falona, na yi jawabin da nake ta tanadi tun hantsi, wataƙila ma tun shekara tara.

Na ce wa Munzali, kowace shekara sai an zo an gaya min abin da na iya ya tsufa. Wayar da na saba da ita an ce ta tsufa. Yadda nake jera fayil an ce ya tsufa, aka kawo na'ura, ranar da ta ƙi tashi aka dawo ana sallama a ƙofata. Ban ce sabon abu haramun ne ba. Abinka ya fi nawa sauri, ya fi nawa kyau, ya fi nawa shiru. Amma matar nan an karɓe mata girki, an karɓe mata zuwa unguwa ita kaɗai, ko allura sai an zura mata zare. Abu ɗaya ya rage a duniya da take yi da hannunta ba ta ce wa kowa don Allah ba, shi ne ta je wurin mijinta bayan la'asar. Ba ni a tsakani, ba kai, ba wani yaro a wata ƙasa. Wannan akwatin ne ya ba ta haka. Ku goma sha ɗaya ne, ku zama ɗari da goma sha ɗaya. Muddin fankar nan tana juyawa, ba mai canja min manhaja a gidan nan.

Inna ta ce, "Wancan, ka tare min allo."

Na matsa. Amma jawabin ya riga ya shiga.

Munzali ya naɗe wayoyinsa ya mayar da abin kwali. Ya shiga zauren dangi ya yi saƙon murya a gabana, ya ce Yaya ya yi gaskiya, hannun Inna ya saba da tsohon. Ni kuma, don a san mai nasara yana da kyauta, na juye minti bakwai ɗin a filashi na ba shi ya bai wa direban Damagaram ya kai wa Kubura, abin da ta shekara uku tana roƙo ina cewa sai na samu lokaci. Mardiyya ta zuba min nama biyu. Na sake gwada jinina, ya sauka har ƙasa da na likita.

Washegari Lahadi na tashi da jin cewa rimot ɗin nan ya cancanci tukwici. Na je bakin kasuwa na sayo batir sababbi, masu tsada, ba irin na tocila ba. Na ɗiga musu jan fenti na jira ya bushe. Inna tana barcin hantsi, na zaro rimot ɗin daga jakar carbi a hankali, na zauna a tsakar gida na sa reza na yanke salatif ɗin, na zame murfin baya.

Ba komai a ciki. Ramuka biyu, da ɗan tsatsa a jikin ƙarfen da batir ke zama.

Na daɗe ina kallonsu. Na girgiza rimot ɗin, ban san me nake zaton zai faɗo ba. Da na ɗago, Mardiyya tana tsaye da tsintsiya, ta ga ledar a ƙasa.

"Ka yanke min salatif," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun azumi. Wata takwas ke nan."

Ta jingina tsintsiyar ta zauna a kan turmi. Ta ce tun kafin azumin hannun Inna ya fara rawa. Ta danna ɗaya ya shiga biyu. Sau da yawa tana jiyo ta daga kicin ta faɗa cikin damben nan nawa, ta kasa fita, ta kuma kasa kiran kowa don kunya, sai ta zauna ta sunkuyar da kai har a gama. Ni ina hanyar Baure. Har ta fara cewa a daina kunna mata, ta tsufa. Sai wata rana rimot ya mutu gaba ɗaya. Inna tana ta ƙirge ba abin da ke motsi. Mardiyya ta tuna da abin nan da na sa mata a waya, ta buɗe. Inna ta ce ɗaya, ta danna. Ta ce biyu, ta danna. Ranar Inna ta kai kanta a tashin farko, ta yini tana fara'a.

"Da na duba na ga ba batir, sai na naɗe shi don kada wani mai tsari ya gyara."

"Ranar da kika tafi Katsina..."

"Ka yi ƙoƙari ranar."

"To jiya fa? Na Munzali?"

"Na Munzali laifinsa ɗaya, Malam. Yana da batir."

Na tambaye ta ko sabuwar manhajar ana iya sarrafa ta daga waya. Ta ce sosai ma, Munzali ya nuna mata suna kicin, ta fi tawa sauƙi, maɓallanta manya ne. Na ce to me ya hana ta magana jiya, ta bar ni na tsaya a tsakiyar falo ina jawabi.

"Inna ko me aka jona za ta ga mijinta, muddin ina gida. Kai ne ban san abin da za ka riƙa yi da ranakun Asabar ɗinka ba."

Na mayar da murfin rimot ɗin yadda yake, ba batir. Ta kawo sabuwar leda, na riƙe mata tana naɗawa. Na gaya mata, don kada ta ɗauka wani abu ya canja, cewa manhajata tana nan daram, ba zan sauya ba, kuma ba na son maganar nan ta kai Kongolam, balle Damagaram. Ta ce to. Na ce amma abu ɗaya ba zan bari ba. Sai na gano wanda ya zare wa tsohuwa batir a cikin watan azumi, bayan na tara gidan nan na yi gargaɗi, don wannan rashin imani ne, kuma ko wane ne sai ya ji daga gare ni.

Mardiyya ta ciji salatif ɗin ta yanke, ta shiga ɗaki, ta fito da na'urar awon jinina ta ajiye min a cinya.

Na buɗe bayanta. Batir biyu ne a ciki, kowanne da ɗigon jan fenti.